Sauya Yanayin Allo a Manhajojin Gyaran Hoto: Amfaninsa ga Mai Nazarin Rubutun Ajami

1.0 Gabatarwa

A da, duk mai son nazarin wata waƙa ko wasiƙa da aka rubuta da ajami, dole ne ya yi tattaki zuwa inda takardar take, ko dai Arewa House a Kaduna, ko Gidan Tarihi na Jos, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko kuwa zauren wani malami da ya gaji takardun iyayensa. A yau galibin manazarta hoton takardar suke karantawa a kwamfuta. Tun daga 2004, lokacin da Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirinsa na ceto tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin salwanta, da kuma ayyukan da Jami'ar Boston ta yi na tattara rubuce-rubucen ajami na Afirka, hotunan irin waɗannan takardu sun yawaita a hannun malamai da ɗalibai. Wayar hannu kuma ta sa kowa ya zama mai ɗaukar hoto.

Wannan sauyi ya zo da wata matsala da ba a cika tattaunawa a kanta ba, wato yanayin da ido yake ganin hoton a allon kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ake nufi da yanayin allo a manhajojin gyaran hoto, da yadda ake sauya shi domin kawar da duk abin da ke ɗauke hankali, da dalilin da ya sa hakan yake da muhimmanci ga mai karanta ajami. Daga ƙarshe za a kawo shawara game da kalmomin Hausa da suka dace da wannan fanni.

2.0 Mafarin Matsalar

Aiki ne ya kawo ni Bauchi, na kuma sami masauki a kusa da Ƙofar Ran, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809. Gari ne mai tsohon tarihin karatu da rubutu, kuma har yanzu akwai gidajen malamai da ke riƙe da takardun da ba su taɓa shiga wani ɗakin ajiya na hukuma ba. Wani dattijo a unguwar ya yarda na ɗauki hoton wasu warƙoƙi na wata waƙar wa'azi da ya gada, bisa sharaɗin ba za su fita daga zaurensa ba. Na ɗauka, na koma masauki na fara juya su zuwa boko.

A wani baiti na karanta wata kalma a matsayin "ƙara", na kuma gina bayanin nahawu a kanta. Sai da na karanta wa dattijon abin da na rubuta, ya ce, "Malam, sake dubawa, ba haka muka ji ta daga iyayenmu ba." Da muka ɗauko takardar, sai ga shi kalmar "fara" ce. Abin da na ɗauka ɗigo ne a saman harafin, kashin ƙuda ne. Ɗigon gaskiya yana ƙasa, tawadarsa ta dusashe har ta kusa sajewa da takarda. Da na koma ga hoton, sai na tarar ɗigon yana nan a cikinsa. Kyamara ba ta ɓoye shi ba. Yadda na buɗe hoton ne, ƙarami a tsakiyar allo, kewaye da farare da launukan akwatunan aiki, ya hana ni ganinsa. Da wannan kuskure ya shiga ɗab'i, da ya zama hujja a hannun wani manazarci, alhali ba shi da asali.

3.0 Matsayin Ɗigo a Rubutun Ajami

Ajamin Hausa ya gaji tsarin rubutun Magariba, wanda ake rubuta Alƙur'ani da shi a ruwayar Warshu. A wannan tsari, bambancin haruffa da yawa ya dogara ne a kan yawan ɗigo ko wurin da yake. Dubi waɗannan misalai:

(1) fara / ƙara: harafin fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama.

(2) tara / cara: ta ɗigo biyu a sama, ca ɗigo uku a sama.

(3) ɗaya / tsaya: ɗa mai hannu ba shi da ɗigo, tsa kuwa shi ne dai harafin, amma da ɗigo uku.

(4) ya sayi doki / ya saye doki: a na farko kisira ce a ƙarƙashin harafin, a na biyu ɗigon imala ne.

Misali na (4) shi ya fi shafar masu nazarin nahawu, domin abin da ya raba aikatau na giredi na biyu da na giredi na huɗu a nan bai wuce bambancin ɗan karkataccen layi da ɗigo ba. Mai son sanin yadda aikatau yake a Hausar ƙarni na 19, ko yadda karin Gudduri da na Bauchi suka sha bamban da na Kano a rubuce, a kan irin waɗannan alamomi zai kafa hujjarsa. Bugu da ƙari, tsofaffin takardu cike suke da abubuwan da ke kama da ɗigo: hudar gara, feshin tawada, tabon ruwa, da inuwar rubutun bayan shafi. Wani lokaci launi ne kawai yake raba su, musamman inda marubuci ya sa wasula da jar tawada. Ke nan duk abin da zai rage girman hoto, ko ya gurɓata yadda ido yake fahimtar launi, yana iya sauya karatu.

4.0 Ma'anar Yanayin Allo

Idan aka buɗe manhajar gyaran hoto, hoton ba shi kaɗai yake bayyana ba. A sama akwai layin umarni, a ƙarƙashinsa layin zaɓi, a hagu jerin kayan aiki, a dama akwatunan launi da na shimfiɗu da na tarihin aiki, a ƙasa kuma layin bayani da na babbar manhajar kwamfutar. Yanayin allo shi ne tsarin da ke ƙayyade waɗanda za su bayyana daga cikin waɗannan da waɗanda za su ɓuya. Abin lura shi ne sauya yanayin allo ba ya taɓa hoton ko kaɗan. Abin da ke kewaye da shi kawai yake sauyawa. Wannan ya bambanta shi da ƙara haske ko kaifin hoto, waɗanda suke sauya hujjar kanta.

4.1 Photoshop

Kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop a 1990, bisa aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll. Manhajar tana da yanayi uku:

(a) Yanayin yau da kullum, wanda komai yake bayyane a cikinsa. Shi ake tararwa idan an buɗe manhajar.

(b) Cikakken allo mai layin umarni. A nan hoton yana bazuwa ya cika allo, kan tagar da sandunan gungurawa suna ɓacewa, amma layin umarni da akwatunan aiki suna nan.

(c) Cikakken allo zalla. A nan babu abin da ya rage sai hoton a kan baƙin fage.

Danna maɓallin F yana kai mutum daga (a) zuwa (b), daga (b) zuwa (c), sannan ya komo (a). Idan aka haɗa Shift da F sai a bi jerin ta baya. Maɓallin Esc yana fitar da mutum daga (c). A cikin (c), idan aka kai linzami bakin allo na hagu ko na dama, kayan aikin da ke wannan gefe suna leƙowa, su sake ɓuya idan an janye shi. Ban da wannan, maɓallin Tab yana ɓoye dukkan akwatuna a kowane yanayi, Shift da Tab kuwa suna ɓoye na dama kawai, su bar kayan aiki da layin zaɓi. Ctrl da 0 suna daidaita hoto da girman allo, Ctrl da 1 suna nuna shi a ainihin girmansa, wato ɗari bisa ɗari. Idan aka danne dogon maɓallin tazara, linzami yana komawa hannu, a ja shafin zuwa inda ake so ba tare da an nemi wani kayan aiki ba.

4.2 GIMP

Photoshop kuɗin haya ake biya kafin a yi amfani da ita, abin da ya fi ƙarfin ɗalibai da yawa. GIMP kyauta ce. Spencer Kimball da Peter Mattis ne suka fara ta a 1995 suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma an fitar da zubi na 3.0 a watan Maris na 2025. A cikinta maɓallin F11 ne yake kai mutum cikakken allo ya kuma dawo da shi, Tab yana ɓoye akwatuna, maɓallin 1 kuma yana nuna hoto a ainihin girmansa. Wani abin da GIMP ta tanada shi ne, a wurin saituna, mutum yana iya tsara kamannin yanayin yau da kullum daban, na cikakken allo daban: ya ce a cikakken allo kada a nuna layin umarni, ko ma'auni, ko layin bayani. Idan an ɓoye layin umarni, danna ɓangaren dama na linzami a kan hoton yana fito da shi.

4.3 Lightroom da Krita

Lightroom, wadda Adobe ya fitar a 2007, tana da wata dabara ta daban a zubinta na kwamfutar tebur. Danna L sau ɗaya yana dusasar da duk abin da ke kewaye da hoto, na biyu ya baƙanta shi gaba ɗaya, na uku ya mai da komai yadda yake. A Krita, wadda ita ma kyauta ce, Tab yana barin fagen hoto shi kaɗai. Tunanin dai ɗaya ne a dukkansu.

5.0 Dalilan Amfani da Cikakken Allo

5.1 Fili

Mu ƙaddara shafi mai tsawon santimita 20 an ɗauke shi da wayar da hotonta ke da ɗigon hoto 4000 a tsaye, shafin kuma ya cika hoton. Kowace milimita ta takardar ta sami ɗigon hoto 20 ke nan, ɗigon tawada mai faɗin rabin milimita kuma ya sami 10. Ƙananan kwamfutocin cinya da yawa allonsu 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Mu ƙaddara kuma layukan sama da na ƙasa sun bar wa hoto 600 a tsaye, akwatunan gefe sun bar masa 1020 a kwance. Abin da ya rage wa hoto bai kai kashi 60 cikin ɗari na allon ba.

Idan aka matse dukkan shafin cikin 600, an rage shi zuwa kashi 15 cikin ɗari, ɗigon tawadar nan kuma ya koma ɗigon allo ɗaya da rabi. A cikakken allo zai kai kusan biyu. Wannan ya nuna cewa cikakken allo shi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa shi da duban hoto a ainihin girmansa. A ainihin girma, yanayin yau da kullum zai nuna milimita 30 a tsaye da 51 a kwance na takardar, cikakken allo kuwa 38 da 68. Ribar a nan ita ce mai karatu yana ganin harafin da yake shakka a kansa tare da maƙwabtansa na sama da na ƙasa. Hakan yana da muhimmanci, domin ɗigon da ke tsakanin layi biyu yana iya zama na ƙasan harafin sama ko na saman harafin ƙasa, kuma ba a gane na wane ne sai an ga layukan biyu a lokaci guda, an kuma kwatanta da yadda hannun marubucin ya saba ajiye ɗigonsa.

5.2 Launin Kewaye

Ido ba ya auna haske ko launi a keɓe. Yana auna su ne da abin da ke kusa da su. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske mai ƙarfi yana ɓoye mai rauni, kamar yadda taurari suke ɓacewa da rana. A Faransa kuma, Michel Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ya binciki ƙorafin da ake yi cewa baƙin zarensu ba ya da ƙarfi. Ya gano rinin ba shi da laifi. Launukan da ake saƙa baƙin a kusa da su ne suke sauya yadda ake ganinsa. Ya wallafa sakamakon a 1839. Duk wanda ya taɓa sayen shadda ya ga ta sauya a idonsa bayan an raba ta da sauran na kan tebur, ya san wannan a aikace.

Don haka ne ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta duban hotuna, ISO 3664, ta nemi abin da ke kewaye da hoto ya kasance ba shi da launi mai rinjaye. A Photoshop, danna ɓangaren dama na linzami a fagen da ke wajen hoto yana ba da zaɓi tsakanin baƙi da matakan toka-toka. GIMP ma tana da umarnin sauya launin wannan fage. Abin da na gani a aikina shi ne toka-toka matsakaici ya fi dacewa idan ana son raba jar tawada da baƙar da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Baƙin fage kuwa ya fi amfani ga hoton da aka ɗauka da haske ta bayan takarda domin ganin tambarin masana'anta, kamar tambarin wata uku na takardun Italiya da suka yawaita a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, wanda yakan taimaka wajen ƙiyasta shekarun rubutu. Farin fage shi ne mafi muni, domin yana sa takarda ta yi duhu a ido, ɗigo mai rauni ya nutse a cikinta.

5.3 Natsuwa

Allon almajiri ba ya ɗauke da komai sai abin da zai karanta. Allon kwamfuta kuwa cike yake da rubutun boko na Turanci mai tafiya daga hagu zuwa dama, a gefen rubutun ajami mai tafiya daga dama zuwa hagu, ga agogo, ga alamar batir, ga saƙonni masu faɗowa. Wanda ya iya karatu ba ya iya hana idonsa karanta abin da ya faɗa a kansa. Kawar da waɗannan yana barin hankali wuri ɗaya. Haka kuma idan za a nuna wa dattijo hoton takardarsa domin ya gyara karatu, cikakken allo yana ba shi abin da ya saba gani, wato shafi, ba tare da ya tambayi inda zai duba ba.

6.0 Abubuwan Kiyayewa

Cikakken allo yana da nasa haɗari. Na farko, yana ɓoye kayan aikin da ke hannun mutum, amma ba ya kashe su. A Photoshop harafin B yana ɗauko burushi, E yana ɗauko magogi. Wanda ya kuskure ya danna ɗayansu maimakon F, sannan ya taɓa hoton, zai iya ƙara ɗigon da marubuci bai sa ba, ko ya goge wanda ya sa, bai kuma sani ba. Maganin wannan shi ne a riƙa aiki da kwafi, a ajiye hoton asali a wani wuri, a kuma ƙi amincewa idan manhaja ta nemi a adana sauyi bayan karatu kawai aka yi.

Na biyu, sunan fayil da ma'aunin girma suna ɓacewa. Takardunmu galibi warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, tsarinsu ya dogara ne a kan kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi domin nuna farkon na gaba. Mai duban shafuka da yawa a jere yana iya manta wanda yake kai. Yana da kyau a sa 'yar takarda mai lamba a gefen kowane shafi tun lokacin ɗaukar hoto, tare da ma'aunin santimita.

Na uku, wuce ɗari bisa ɗari wajen ƙara girma ba ya ƙara bayani. Manhaja tana faɗaɗa abin da ke nan ne kawai, har tabo ya ɗauki siffar da ba tasa ba. Na huɗu, hasken ɗaki yana cikin kewaye. Karatu a zaure da ƙofa a bayan mutum, ko a tsakar gida da rana, yana rushe duk amfanin da aka samu. A ƙarshe, inda shakka ta ƙi gushewa, takardar asali da kunnen wanda ya gaji waƙar su ne alƙalai.

7.0 Batun Kalmomi

Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, amma ya riga zamanin da kwamfuta ta zama kayan aikin kowane manazarci. A wannan maƙala an zaɓi "allo" maimakon "fuska", domin allo abu ne da ake rubutu a kansa a wanke a sake wani, kuma haka na kwamfuta yake. "Fuska" kuma ta riga ta ɗauki ma'anar ɓangare ko mahanga a rubutun ilimi, ga ta kuma da wata ma'anar a nazarin Alƙur'ani. An zaɓi "yanayi" domin yana nuna halin da ke sauyawa alhali abin yana nan yadda yake. An ce "zalla" domin kalmar tana nuna abin da ba a gauraya shi da komai ba. "Ɗigon hoto" kuwa yana da rauni guda, wato yana iya rikicewa da ɗigon harafi a irin wannan bayani, don haka wasu za su fi son aron kalmar a ce "fiksel". Waɗannan shawarwari ne, ana fatan masana za su tace su.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa karatun ajami ya dogara a kan ƙananan alamomi, kuma yanayin da ake duban hoton takarda yana iya bayyana su ko ya ɓoye su. An bayyana yadda ake sauya yanayin allo a Photoshop da GIMP da Lightroom da Krita, da dalilai uku na yin hakan, wato fili da launin kewaye da natsuwa, tare da haɗurran da ke ciki. Shawarar da za a bayar ita ce sassan koyar da harsunan Nijeriya su sa wannan a cikin darasin dabarun bincike, kuma duk wanda ya juya rubutun ajami daga hoto ya faɗi hakan a aikinsa, ya kuma nuna wuraren da ya tabbatar da karatunsa daga takardar asali. Ni dai tun daga ranar da aka gyara mini "ƙara" zuwa "fara" a Ƙofar Ran, ba na yanke hukunci a kan ɗigo sai na gan shi a ainihin girmansa, a cikakken allo, a kan fage toka-toka.